Maganin Nano ga Masu Kumburin Hanji: Ina Aka Kwana?

"Assalamu alaikum Malam. Mai ɗakina ce ke fama da ciwon hanji, shekara huɗu ke nan. Da farko an ɗauka basir ne, daga baya aka ce atini, sai da aka leƙa hanjinta da na'ura aka ɗebi tsoka aka gwada, sannan aka ce kolaitis mai gyambo ne. Kullum tana shan mesalazin, idan ciwon ya tashi a ƙara mata prednisolon, har fuskarta ta kumbura, barci ya gagare ta. Na ga wani bidiyo a Facebook ana cewa an gano ƙwayoyin nano masu kai magani daidai inda ciwon yake, babu illa. Akwai ma mai sayar da wani ruwa a kwalba, wai shi ma nano ne. Don Allah gaskiya ne? A ina ake samu? Za ta iya barin waɗanda take sha ta koma kansa?" Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne, kai kuma Ya saka maka da alheri kan jinya. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko ilimin gaskiya ne, ko ya riga ya zama maganin da ake sayarwa, da kuma ko za ta iya sauyawa. Ilimin gaskiya ne, kuma fannina ne, don harhaɗa magunguna nake yi, na yi aiki a ɗakin maganin asibiti, na kuma haɗa irin waɗannan ƙwayoyi na nano, wato ƙanana ƙwarai da ido ba ya iya gani, da hannuna a ɗakin gwaji. Amma har yau babu wani maganin sha na nano da hukumomin kula da magunguna suka amince da shi don kumburin hanji, a Turai ne, a Amurka ne ko a nan gida. Saboda haka ruwan kwalbar nan ba shi ba ne, kuma kada Hajiya ta bar ko ƙwaya ɗaya daga cikin abin da likita ya ɗora ta a kai.

Matsalar da ake son warwarewa

Kumburin hanji mai daɗewa iri biyu ne. Akwai kolaitis mai gyambo, irin na Hajiya, wanda ke farawa daga dubura ya hau sama, yana cin shimfiɗar cikin babban hanji kaɗai. Akwai cutar Crohn, mai sunan Burrill Crohn, likitan da shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana ta a birnin Niyok a 1932. Ita tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, tana kuma ratsa kaurin hanji. A duka biyun garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri a kan bakteriyar da ke zaune a hanji, ta raunata hanjin kansa. Ƙiyasin da aka yi na shekarar 2017 ya nuna mutum miliyan 6.8 ke ɗauke da ɗayansu a duniya.

Abin da ya kumbura fuskar Hajiya shi ne tushen wannan bincike gaba ɗaya. Idan ta haɗiye prednisolon, tun a saman ƙaramin hanji yake shigewa jini, ya zaga ƙashi, fata, ƙwaƙwalwa, ido, ko'ina, kaɗan ne rabon hanjin da ake nufi. Gobara ta tashi a ɗaki ɗaya, an jiƙa gidan duka. Wutar kan mutu, amma ga kumburin fuska, rashin barci, hawan sukari da hawan jini, raunin ƙashi, da saurin kamuwa da wasu cututtuka.

Neman hanyar kai magani babban hanji kai tsaye ya girmi maganar nano nesa ba kusa ba, kuma tarihinsa na cikin ƙwayar da Hajiya ke sha kowace safiya. A farkon shekarun 1940 wata likita 'yar ƙasar Suwidin, Nanna Svartz, ta fito da sulfasalazin, da niyyar maganin ciwon gaɓɓai, sai aka ga yana taimakon masu kolaitis. Sinadarai biyu ne aka ɗaure da juna da wani irin ɗauri wanda ruwan ciki bai iya kwance shi, ƙaramin hanji ma haka. Sai ya isa babban hanji bakteriyar wurin ke tsinka shi. A 1977 Sidney Truelove da abokan aikinsa a Okusfod suka raba sinadaran biyu, suka ɗura wa marasa lafiya kowanne daban ta dubura, suka gano cewa ɗaya ne ke warkarwa, ɗayan kuwa ɗan rakiya ne kawai, kuma shi ne mai yawancin illolin. Wanda ke warkarwar shi ne mesalazin. Yau ana lulluɓe shi da wani rufi, irin su Eudragit S, wanda ba ya narkewa sai tsamin hanji ya ragu ya kai ma'aunin pH 7, wato wajen ƙarshen ƙaramin hanji. A ganina wannan na cikin dabaru mafi kyau da aka taɓa yi a harhaɗa magani, kuma ba a ba shi yabon da ya cancanta.

Sai dai rufin yana da iyaka. Yana kai magani sashen hanji ne, bai san bambancin lafiyayyen wuri da mai gyambo ba. Kuma idan ciwon ya tashi, tsamin babban hanji kan ƙaru, gudawa kuma ta hanzarta tafiyar komai. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa tagar ɗakin maganinmu, ta rage murya ta ce tana ganin ƙwayar a bayan gida yadda ta haɗiye ta, ja sumul. Wani lokaci ɓawon ne kawai, maganin ya riga ya fita. Wani lokaci kuma ƙwayar ce cur ta wuce ba ta buɗe ba. A daidai lokacin da aka fi bukatar maganin ne hanyar kai shi ke yin rauni.

Dalilin da ya sa ake sa rai da nano

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi ya kai wajen nanomita dubu 80, jan ƙwayar jini wajen dubu 7. Ƙwayoyin da muke magana a kansu yawanci tsakanin 50 ne da 300. Ana yin su da kitse, ko da wata irin roba mai narkewa a jiki da ake kira PLGA, wadda da ita ake yin wasu zaren ɗinkin tiyata, ko da sinadaran da ake samu daga ɓawon jatanlande da ciyawar teku. Ana cusa magani a ciki, su kare shi har ya isa.

Wurin da ya kumbura ya bambanta da lafiyayye ta fuskoki da dama, kuma kowace fuska masu bincike sun mai da ita ƙofa. Shimfiɗar hanji ta tsage, akwai giɓi tsakanin ƙwayoyin halittarta, ƙaramin abu na iya shiga ya maƙale. Fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye baƙon abu sun taru a wurin, kuma su ne masu hura wutar kumburin, don haka idan suka haɗiye ƙwayar da ke ɗauke da magani, an kai wa mai laifi kai tsaye. Fuskar gyambon na tara furotin masu cajin lantarki mai alamar tarawa, to ƙwayar da aka ba caji mai alamar ɗebewa za ta manne masa. Sannan wurin na cike da wasu sinadaran iskar oksijin masu ƙuna, waɗanda ake iya sa su zama mabuɗin ƙwayar.

A 2001 Alf Lamprecht da Claus-Michael Lehr a Jami'ar Saarland ta Jamus suka ba ɓeraye masu kumburin hanji ƙwayoyi masu ƙyalli girma uku: nanomita dubu 10, dubu 1, da 100. Mafi ƙanƙanta su suka fi mannewa a wurin kumburi. Wannan sakamako shi ya buɗe ƙofa, dubban rubuce-rubuce suka biyo baya. A 2010 wata tawaga a Atlanta ƙarƙashin Niren Murthy ta yi ƙwayar da asid ɗin ciki bai taɓa ta, sai ta haɗu da sinadaran oksijin ɗin nan take fashewa, ta saki wani guntun saƙon halitta mai kashe umarnin ƙera TNF, furotin mai hura kumburi wanda allurar infliksimab ke yaƙa. Ta baki aka ba ɓeraye, hanjinsu ya samu kariya. A 2020 kuma masu bincike a Jami'ar Michigan suka haɗa sinadarin hayaluronik da bilirubin, wanda shi ne ke sa idon mai shawara ya yi ɗorawa, suka nuna yana rage kumburi yana kuma gyara zaman bakteriyar hanji. Shi ma a ɓeraye.

Daga ɓera zuwa mutum

Ka lura da kalmar da ke ta maimaituwa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Yadda aka fi sa wa ɓera kolaitis shi ne a zuba masa wani sinadari, DSS, a ruwan sha na kwana biyar zuwa bakwai, hanjinsa ya ƙone, idan an daina kuma sau da yawa ya warke da kansa. A gwaje-gwaje da yawa ma tare ake fara ba shi maganin da gubar, wato rigakafi ake gwadawa. Ina wannan, ina ciwon da ya shekara huɗu yana tashi yana kwantawa a jikin mutum?

Akwai binciken da nake so duk ɗalibin da ya zo wurina da zumuɗin nano ya fara karantawa. An yi shi a birnin Jena na Jamus, aka wallafa a 2013, kuma Lehr ɗin nan na cikin masu shi. Marasa lafiya sama da 30 masu kumburin hanji aka ɗura wa ƙwayoyin PLGA masu ƙyalli ta dubura, wasu na nanomita 250, wasu na dubu 3, sannan aka leƙa da wata na'ura mai nuna ƙwayoyin halitta a cikin hanjin mai rai. Abin da aka gani ya saɓa wa na ɓeraye. Manyan ne suka taru a cikin gyambo; ƙananan, na nano ɗin, ɗan burbushinsu kawai aka samu. Wannan bai rushe fannin ba, amma ya nuna cewa hatta tambayar farko, wane girma ya fi dacewa da hanjin ɗan Adam, ɓera bai amsa mana ita ba. Abin takaici shi ne irin wannan gwaji a jikin mutane kaɗan ne ƙwarai, alhali na ɓeraye kullum ƙaruwa yake, domin ya fi sauƙi, ya fi arha, ya fi saurin zama takarda.

Ko an kai ga mutane ma, ba a gama ba. Mongersen ba nano ba ne, amma dangi ne a manufa: guntun saƙon halitta ne da aka sa a ƙwaya mai rufi don ya buɗe a ƙarshen ƙaramin hanji da farkon babba. A gwajin mataki na biyu da aka wallafa a 2015, kashi 55 da kashi 65 cikin ɗari na masu cutar Crohn da suka sha manyan awo biyu sun samu lafawar ciwo, waɗanda suka sha ƙwayar da babu magani a ciki kuwa kashi 10. Tun a 2014 kamfanin Celgene ya biya dala miliyan 710 don mallakarsa. A watan Oktoban 2017 aka dakatar da babban gwajin mataki na uku, saboda bai fi ƙwayar banza ba.

Abin da ke faruwa a kan teburin gwaji

Idan haɗin ya yi kyau, ruwa ne fari-fari mai ɗan shuɗi idan ka ɗaga shi ga haske, kamar madarar da aka tsinka sosai. Ka auna, na'ura ta ce nanomita 180, ka ji daɗi. Ka bar shi a kan tebur, ka dawo bayan 'yan kwanaki, sai ka tarar da wani farin gari ya kwanta a gindin kwalba: ƙwayoyin sun dunƙule, sun tashi daga nano. Dole a busar da su cikin sanyi tare da wani sukari mai kare su, a ajiye a firji. PLGA kuma kan fara laushi idan zafi ya kai tsakanin digiri 40 da 50, wanda duk mai shagon magani a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai ya san watan Afrilu na kaiwa can, ga wuta ba tabbas.

Sannan akwai yoyo. Muna gwada haɗi ne ta hanyar kwaikwayon tafiyarsa: awa biyu a ruwa mai tsamin ciki, pH 1.2, sai a mai da shi 6.8, sai 7.4. Sau da yawa kaso mai yawa na maganin kan fita tun a awannin farko, domin ƙwaya ƙarama fuskarta na da faɗi idan aka kwatanta da cikinta, kuma maganin da yawa a bakin fuskar yake zaune. Wanda ya fita da wuri jini zai shiga, an koma gidan jiya. Shi ya sa ake ƙara musu rufi, ko a zuba su cikin kafso mai rufi, kowane ƙari kuma ƙarin tsada ne da ƙarin wurin kuskure.

Babban cikas a wurina shi ne lissafi. Irin waɗannan ƙwayoyi sau da yawa nauyin maganin da suke ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinsu ba. Mai kolaitis na shan mesalazin giram 2.4 zuwa 4.8 a rana. Ka ninka goma, giram 24 zuwa 48 na gari ke nan kullum, har tsawon rai. Ba mai yiwuwa ba ne. Saboda haka ba na tsammanin nano zai maye gurbin mesalazin. Inda yake da makoma shi ne magunguna masu ƙarfi da ake bukatar kaɗan, irin su budesonid, dangin prednisolon, mai miligiram 9, ko takrolimus, ko saƙonnin halitta da furotin waɗanda ciki ke narkar da su idan babu kariya. Idan wani abu zai fara isowa asibiti, na fi zaton na ɗurawa ta dubura ne ko na allura, don sun tsallake rabin wahalar hanya.

Inda nano ya riga ya yi aiki, da batun kwalba

Kada ka ɗauka fasahar tatsuniya ce. Doxil, maganin kansa da aka sa cikin ƙwayoyin kitse, ya samu amincewa a Amurka tun 1995. Alluran korona na Pfizer da Moderna a cikin ƙwayoyin kitse na nano suke. Wanda ya shafi Hajiya kai tsaye kuma shi ne sinadarin ƙarfe na ƙarin jini da ake sawa ta jijiya: 'yan dunƙulen ƙarfe ne na nano da aka lulluɓe da wani nau'in sukari. Masu kolaitis na yawan rasa jini, ƙwayar ƙarin jini ta sha kuma kan dami hanjinsu, shi ya sa idan ciwon na tashe ko jini ya yi ƙasa sosai aka fi son na jijiya. Duk waɗannan ta allura ake ba da su, a asibiti, bayan an gwada su a jikin mutane.

Ƙanƙanta kuma ba ta nufin rashin illa. Masu bincike a Zurik sun nuna a 2017 cewa ƙwayoyin nano na farin sinadarin titaniyom, da ake sawa a alewa da cingam, na tsananta kolaitis a ɓeraye, kuma Tarayyar Turai ta hana sa shi a abinci daga 2022. Tsagewar hanjin da ke ba magani hanya, ita ce dai ke ba abin cutarwa hanya. Daga cikin ruwan da ake tallatawa da sunan nano akwai ruwan azurfa. Za ka tuna a watan Agustan 2014, lokacin Ebola a Legas, an sanar da cewa za a gwada wani mai suna Nano Silver, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye saboda bai cika sharuɗɗan binciken lafiya ba. Azurfa ba ta maganin kolaitis, kuma idan ta taru a jiki tana mai da fata toka-toka mai shuɗi, launin da ba ya fita.

Za ka kuma ji ana maganar citta. Gaskiya ne a 2016 tawagar Didier Merlin a Atlanta ta tace wasu ƙwayoyi masu girman kusan nanomita 230 daga ruwan citta, suka rage kumburi a ɓeraye. Da injin juyawa mai tsananin gudu aka ware su. Shayin citta ba shi ne abin da aka gwada ba, ko da cittar Kachiya ce.

Abin da ya fi dacewa da Hajiya yanzu

Ban ga Hajiya ba, ban ga sakamakon gwajinta ba, kuma sauya magani hurumin likitan hanji ne da ke duba ta. Amma akwai abubuwan da ya kamata ku tafi da su wurinsa. Na farko, kada a tsayar da prednisolon farat ɗaya. Jikin da ya saba da shi kan rage ƙera nasa sinadarin, tsayarwa kwatsam na iya jefa mutum cikin haɗari, a hankali ake sauke shi. Na biyu, wanda ya bukaci prednisolon sau biyu ko fiye a shekara ɗaya, ko ciwon ke dawowa da zarar an rage, alama ce cewa maganin riƙon bai isa ba, lokaci ya yi da za a duba azatiyofirin ko allurai irin su infliksimab, adalimumab ko vedolizumab, wanda shi aikinsa ya fi tsayawa a hanji. Suna da tsada, ba kuma ko'ina ake samu ba. Kafin a fara su dole a yi gwajin tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, domin suna iya tayar da wanda ke kwance, kuma duka biyun suna da yawa a ƙasarmu.

Ka tambayi likita iya inda ciwon ya kai a hanjinta. Idan a dubura ya tsaya ko ɓangaren hagu, akwai mesalazin na cusawa da na ɗurawa ta dubura, kuma haɗa shi da na sha ya fi na sha kaɗai aiki. Mutanenmu na jin nauyin wannan hanya, wasu su karɓa su ajiye a ƙarƙashin katifa, amma ita ce kai magani daidai wurin ciwo da muke da ita a hannu, kuma an tabbatar da ita a jikin mutane. Akwai kuma budesonid mai rufi, wanda hanta ke lalata kusan kashi 90 cikin ɗari nasa kafin ya zaga jiki, don haka illarsa ba ta kai ta prednisolon ba. Ana ba da shi na mako takwas idan tashin ciwon bai yi tsanani ba.

Duk lokacin da gudawa da jini suka dawo, a fara gwada bayan gida kafin a ƙara prednisolon, domin atinin amiba na kama da tashin kolaitis, kuma prednisolon a kan amiba na iya kai hanji ga hujewa. Ta guji diklofenak da ibuprofen, ko don ciwon mara ne. Idan kuna shirin haihuwa, ku faɗa wa likita tun da wuri: mesalazin yawanci ana ci gaba da shi da juna biyu, ciwon da ke tashe shi ya fi zama barazana ga ciki. Idan ciwon ya wuce dubura, to da ya cika shekara takwas a fara leƙa hanji lokaci-lokaci saboda kansar hanji.

In kuma wata rana aka gayyace ku gwajin sabon magani, na nano ne ko waninsa, gwaji na gaskiya a asibiti ake yinsa, da izinin kwamitin kula da ɗa'ar bincike, da takardar amincewa da za a karanta mata cikin harshen da take ji, tana da damar fita duk lokacin da ta ga dama, kuma ba a karɓar kuɗin maganin daga hannunku.